Ƙofa Ba Mabuɗi: Taƙaitaccen Tarihin Tsaron Aika Fayiloli

1. Gabatarwa

A 1975 aka kafa kamfanin SONICHAR domin haƙar kwal a Anou Araren, kusa da Cirozerin cikin jihar Agadas, da nufin ba ma'adinan yuraniyom na Arlit wutar lantarki. Tsakanin wurin da Yamai akwai kusan kilomita 1,000. Duk ma'aikatar da nisa irin wannan ya raba rassanta, dole ta fuskanci tambaya guda, watau yadda takarda za ta isa ba tare da wani ya karanta ta ko ya sauya ta a hanya ba. Wannan ɗan nazari zai bi tarihin tambayar a fagen na'ura mai ƙwaƙwalwa.

2. Zamanin amana

A 1971 Abhay Bhushan na cibiyar MIT a Amurka ya tsara ƙa'idar aika fayiloli da ake kira FTP. Jon Postel da Joyce Reynolds suka daidaita ta a 1985. A lokacin masu amfani da hanyar ba su da yawa, galibinsu malaman jami'a ne da suka san juna. Saboda haka sunan mutum da kalmar sirrinsa a fili suke tafiya zuwa ƙofa ta 21 ta babbar na'ura, duk wanda ya kasa kunne a hanya zai kwashe su.

3. Zuwan mabuɗi

A 1995 aka saci kalmomin sirri a wata jami'a ta Helsinki, ƙasar Finlan. Wannan ya sa Tatu Ylönen ya ƙago SSH, wadda ke sakaya duk abin da aka aika, a kanta kuma aka gina SFTP. Wasu suka zaɓi yi wa tsohuwar ƙa'idar rufi, abin da ya kai ga ƙa'idar 2005 mai haɗa FTP da TLS. A 2021 Chrome da Firefox suka daina karɓar FTP ɗungurungum.

4. Kammalawa

Abin lura shi ne Nijar ta shiga intanet a 1996, shekara guda bayan bayyanar SSH. Ke nan ƙofar da mabuɗinta tare suka iso mana. Sai dai FTP ce ta zo a shirye, ita ce kuma littattafan koyarwa suka sani, alhali kulle ta aiki ne na daban: rufe shigar baƙi marasa suna, killace kowane ma'aikaci cikin jakarsa, da duba rajistar masu shiga. A ganinmu, abin da ya cancanci bincike shi ne yadda ma'aikatun arewacin ƙasar suka koyi wannan aiki, da kuma waɗanda suka koya musu.