Yadda 'Yan Wasan Besbol Ke Barin Fili: Daga Babe Ruth Zuwa Ichiro

A Amurka, kowace babbar ƙungiyar besbol tana buga wasa 162 a kaka guda, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ana fili. Mai jifa ya wurgo ƙwallo da iya ƙarfinsa, mai kulki ya yi ƙoƙarin make ta ya ruga da gudu. In ya make ta har ta tsallake katanga, to wannan shi ne babban ci. Sana'a ce mai cin gwiwar hannu da kafaɗa da ido. Don haka tun da aka fara biyan mutane a kanta, tambaya guda ke biye da kowane ɗan wasa: wa zai ce ya isa haka, shi da kansa, ko mai ƙungiya, ko jikinsa?

A zamanin farko wuƙa da nama na hannun masu ƙungiya. Kowace kwantaragi na ɗauke da sharaɗin da ke ɗaure ɗan wasa ko bayan wa'adinsa ya cika: ƙungiya ce za ta riƙe shi, ko ta sayar da shi, ko ta sallame shi. Babe Ruth ma, duk da sunansa, bai tsira ba. Ya yi wa Yankees ta New York kaka 15, ya nemi a ba shi horar da ƙungiyar aka hana shi. A 1935, yana da shekara 40, ya koma Braves ta Boston, inda aka yi masa romon baka da muƙamin mataimakin shugaba. Ranar 25 ga Mayu, a Pittsburgh, ya tsallakar da ƙwallo katanga har sau uku, jimillarsa ta kai 714. Kwanaki kaɗan bayan nan ya ajiye kulki, kuma har ya rasu a 1948 babu babbar ƙungiyar da ta damƙa masa ragamarta.

Abokin wasansa Lou Gehrig, wanda ake yi wa kirari da Dokin Ƙarfe, ciwo ne ya raba shi da fili. Ya buga wasa 2,130 a jere bai taɓa fashi ba. Ranar 2 ga Mayun 1939, a Detroit, shi ya je da kansa ya ce wa kocinsa Joe McCarthy a cire shi. A matsayinsa na kyaftin ya kai wa alƙalin wasa takardar sunayen 'yan wasa babu nasa a ciki, ya dawo ya zauna a benci idonsa cike da hawaye. A watan Yuni likitocin asibitin Mayo suka gano yana fama da cutar da ke kashe jijiyoyin da ke motsa tsoka. Ranar 4 ga Yuli aka yi masa bikin ban kwana a filin Yankees. Kyaututtukan da ake miƙa masa sai ya riƙa ajiye su a ƙasa, don hannuwansa sun kasa ɗauka, amma da aka ba shi makirufo sai ya ce a ganinsa babu wanda ya kai shi sa'a a doron ƙasa. Ƙungiyar ta jingine lambarsa ta 4, karo na farko ke nan da aka yi haka a manyan ƙungiyoyin besbol. Ya rasu a 1941 yana da shekara 37.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙara samun masu zaɓar ranar tafiyarsu. Jackie Robinson na Dodgers, baƙar fatar da ya karya shingen wariyar launi a wasan a 1947, an sayar da shi ga Giants a ƙarshen 1956. Maimakon ya sa rigar abokan hamayyar Dodgers, sai ya karɓi aiki a kamfanin kofi na Chock full o'Nuts. Ted Williams na Red Sox kuwa, ranar 28 ga Satumban 1960, yana da shekara 42, a dukansa na ƙarshe ya tsallakar da ƙwallo katanga karo na 521. Ya zagaye fili kansa a sunkuye, 'yan kallo na ta kiran sunansa, ya ƙi fitowa ko ɗaga musu hula.

Barin filin Sandy Koufax ya fi girgiza mutane. A 1966 ya ci wasa 27, aka ba shi kyautar gwarzon mai jifa karo na uku, sannan a watan Nuwamba ya kira 'yan jarida ya ce ya daina, yana da shekara 30. Gwiwar hannunsa ta hagu ta lalace da amosanin gaɓɓai. Allurai da magungunan kashe zafi da tsoma hannu cikin ƙanƙara ne ke riƙe shi, kuma ya ce ba ya son ya ƙare da hannun da ba ya moruwa. A 1974 likita Frank Jobe ya yi wa wani mai jifa, Tommy John, tiyatar da ba a taɓa yi ba, ya ɗauko jijiya daga ɗaya hannun ya maye wadda ta tsinke a gwiwar hannun jifarsa. John ya dawo a 1976 ya ci gaba da jifa har 1989. Daga nan tsinkewar wannan jijiya ta daina zama ƙarshen sana'a ga yawancin masu jifa.

A wannan tsakanin ne aka yi dambarwar 'yanci. A 1969 Curt Flood ya ƙi yarda a sayar da shi daga St. Louis zuwa Philadelphia, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, ya sha kaye a 1972, sana'arsa kuma ta mutu a hanya. Amma a 1975 mai sasanci Peter Seitz ya yanke hukuncin da ya karya lagon tsohon sharaɗin, 'yan wasa suka sami damar neman inda ya fi tsoka. Albashi ya tashi, tsufa a fili ya zama abin riba.

Sai dai ba kowa ke samun zaɓi ba. Roberto Clemente ya cika duka 3,000 cif a ƙarshen Satumban 1972. Ranar 31 ga Disamba jirgin da ya ɗauko da kayan agaji zuwa Nikaragwa, inda aka yi girgizar ƙasa, ya faɗa teku a gaɓar Puerto Rico. Nolan Ryan ya yi kaka 27 yana jifa, har jijiyar hannunsa ta tsinke a tsakiyar wasa a Seattle a 1993, yana da shekara 46. Barry Bonds ya gama kakar 2007 da babban ci 762, fiye da kowa a tarihi, amma zargin shan ƙwayoyin ƙara kuzari ya dabaibaye shi, babu ƙungiyar da ta sake nemansa.

A wannan ƙarni ban kwana ya zama buki na kaka guda. Mai jifa Mariano Rivera ya sanar da ritayarsa tun farkon 2013, duk garin da ya je sai an karrama shi. Ƙungiyar Minnesota ta ba shi kujera mai lilo da aka haɗa da karyayyun kulake, saboda jifarsa ta yi suna wajen karya su. A wasansa na ƙarshe a gida, tsofaffin abokansa Derek Jeter da Andy Pettitte ne suka fito karɓar ƙwallo daga hannunsa maimakon koci, ya kifa kai a kafaɗar Pettitte ya yi ta kuka. Ichiro Suzuki ya rufe nasa littafin a Tokyo ranar 21 ga Maris 2019, yana da shekara 45, gaban mutanen ƙasarsa.

Waɗannan su ne 'yan tsirarun da ake tunawa. Mafi yawa a ofis ake sallamarsu, koci ya kira mutum ya ce an gode, ya kwashe kayansa. Da dama ma a ƙananan ƙungiyoyi suke ƙarewa ba su taɓa leƙa babban fili ba. Ga waɗanda suka taka babban fili kuwa, abin da ya sauya musu rayuwa shi ne fansho. An kafa shi a 1947, a kansa 'yan wasa suka yi yajin aikinsu na farko a 1972, sannan yarjejeniyar 1980 ta sa kwana 43 a babbar ƙungiya ya isa mutum ya cancanta. Waɗanda suka bar fili kafin wannan shekara ba su cika kaka huɗu ba an bar su a baya, sai a 2011 aka fara ba su ɗan ihisani da bai wuce dala 10,000 a shekara ba.