Blenheim: Jirgin Yaƙin Da Ya Ratsa Ta Kano Da Maiduguri

Idan ana hirar Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu ke kira Yaƙin Hitila, galibi sojojinmu da suka tafi Bama ake tunawa. Akwai wani ɓangare na yaƙin da ya bi ta sararin samaniyar ƙasarmu, kuma jirgin da ya ja ragamarsa shi ne Bristol Blenheim, jirgin jefa bama-bamai na Ingila.

Asalinsa jirgin attajiri ne. Lord Rothermere, mai jaridar Daily Mail, ya sa kamfanin Bristol ya ƙera masa jirgin fasinja mai gudu. Da aka gwada shi a 1935 sai ya yi gudun kusan kilomita 490 a awa, ya wuce jiragen faɗa na rundunar sojan saman Ingila, wato RAF. Nan da nan hukuma ta sa a mayar da shi na yaƙi, ya kama aiki a watan Maris 1937. Injinansa biyu ne, yana ɗaukar mutum uku: matuƙi, da mai duba hanya wanda shi ke sakin bam, da mai rediyo wanda shi ke riƙe da bindiga. Bam ɗin da yake ɗauka bai wuce kilo 450 ba.

Ran 3 ga Satumba 1939, ranar da Ingila ta shelanta yaƙi da Jamus, Blenheim ne jirgin Ingila na farko da ya shiga sararin Jamus, ya je leƙen jiragen ruwan yaƙi a Wilhelmshaven. Washegari wasu suka koma suka kai hari, biyar ba su dawo ba. Gudun da aka yi alfahari da shi a 1935 ya riga ya zama tsohon yayi. Samfurin da ake yaƙi da shi bai kai kilomita 430 a awa ba, Messerschmitt 109 na Jamus kuwa yana wuce 550, ga Blenheim ba shi da sulken kirki, bindigoginsa kuma kaɗan ne.

Matasan da ke cikinsa su suka ɗanɗana kuɗar wannan. Ran 17 ga Mayu 1940 rukuni na 82 ya tura jirage 12 zuwa Gembloux a Beljiyam, ɗaya kaɗai ya dawo. Aka sake haɗa rukunin da sababbin mutane, ran 13 ga Agusta aka tura 12 zuwa filin jirgin Aalborg a Denmak. Ɗaya ya juyo daga hanya, sauran 11 duk aka kakkaɓo su. Manyan hafsoshi sun san halin jirgin, amma a lokacin babu wani da za a maye gurbinsa da shi, don haka aka ci gaba da tura shi da rana tsaka.

Yadda ya zo ƙasarmu kuwa, Italiya ta shiga yaƙin a watan Yuni 1940, Faransa ta faɗi, hanyar Bahar Rum zuwa Masar ta zama mai haɗari. Sai Ingila ta riƙa zuba jirage a akwatuna, a kawo su ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can. Daga nan su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, su bi ta Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau, su shiga Sudan ta El Geneina da El Fasher zuwa Kartum, sannan su bi kogin Nilu har Masar. Tafiya ce ta fiye da kilomita 5,500 da ke cin kusan mako guda. Abin da ya buɗe hanyar shi ne matakin Gwamnan Cadi, Félix Éboué, wanda ya bi Janar de Gaulle a watan Agusta 1940.

Ayarin farko ya tashi daga Takoradi a watan Satumba 1940: Blenheim ɗaya a gaba, jiragen faɗa na Hurricane shida a bayansa. Dalilin wannan tsari shi ne Hurricane mutum ɗaya yake ɗauka, ba shi da mai duba taswira, alhali hanyar daji ce da hamada, ga hazon hunturu da ke rufe ƙasa. Blenheim mai ɗauke da mai duba hanya da mai rediyo shi ne ya zama madugun ayari. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya, da yawansu suka shiga yaƙin hamadar Libiya da Masar.

Rundunar jefa bama-bamai ta Ingila ta daina kai hari da shi a Turai a watan Agusta 1942, jirage irin su Boston da Mosquito suka karɓi aikin. Ya ci gaba da yaƙi a Arewacin Afirka da Bama har 1943. An ƙera fiye da 4,000 a Ingila, ƙasar Finlan kuma, wadda ta yi amfani da shi wajen yaƙar Rasha, ta riƙe nata har ƙarshen shekarun 1950.

Duk wanda ke da dattijo a gida da ya tashi a Kano ko Maiduguri a shekarun 1940, ya tambaye shi labarin jiragen da ke sauka shan mai su wuce gabas. Idan an samu wani bayani, a rubuto mana domin mu adana shi tun masu labarin suna raye.