Tarihin Rabon Adireshi a Intanet

Duk na'urar da za ta yi magana a intanet sai tana da lambarta, kamar yadda kowace tashar rediyo ke da zangon da ake kama ta. Wannan lamba ita ce adireshin IP. An wallafa ƙa'idar tsarin da aka fi amfani da shi, IPv4, a Amurka a watan Satumba na 1981, kuma adireshin da yake iya bayarwa kusan biliyan 4.3 ne. A lokacin jami'o'i da cibiyoyin bincike ne ke kan layi, ba wanda ya hango ƙarewarsu.

Jon Postel na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ne ya riƙe rajistar rabon har rasuwarsa a 1998. Waɗanda suka zo da wuri sun kwasa son rai: kamfanoni irin su Apple da Ford, da jami'ar MIT, kowanne ya samu kaso mai adireshi sama da miliyan 16. Afirka kuwa sai a 2005 aka amince da hukumarta ta rabo, AFRINIC, mai mazauni a tsibirin Morishas, ƙarƙashin ɗan Togo Adiel Akplogan. Shekara shida kacal bayan haka, ranar 3 ga Fabrairu 2011, aka raba kaso biyar na ƙarshe ga hukumomin yankuna biyar, babban rumbu ya koma fanko.

Dabarar da ta hana intanet tsayawa ta riga wannan rana. A 1996 an tsayar da rukuni uku na adireshin cikin gida, masu farawa da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da 192.168. Kowane gida ko ofis yana iya amfani da su, su fita waje da adireshi guda, tamkar gidan haya mai ɗaki ashirin da lamba ɗaya a ƙofa.

A kan wannan dabara kwantena ta ginu. Lokacin da Docker ta fito a 2013, ta sauƙaƙa naɗe manhaja da duk abin da take buƙata a ƙunshi guda, har kwamfuta ɗaya ta ɗauki ɗaruruwansu. Kowace kwantena na son adireshinta, sai Docker ta ɗiba daga rukunin 172.17. Idan ofis ya riga ya yi amfani da wannan rukuni, lambobi kan yi karo, saƙo ya ɓace hanya. Kubernetes da Google ta fitar a 2014 ta ƙara yawan buƙatar, domin kowane ƙaramin gungun kwantena adireshinsa daban.

Abin da aka raba kyauta a da ya zama haja. A 2011 Microsoft ta sayi adireshi 666,624 daga Nortel a kan dala miliyan 7.5, kuma tun Fabrairun 2024 Amazon ke cajin kuɗi a kan kowane adireshin IPv4 na fili. Matashin da ke son ɗora manhajarsa daga Maraɗi ko Kumasi da dala zai biya.

Mafita tana nan tun shekarun 1990: IPv6, mai adireshin da ba a fargabar ƙarewarsa. Saura kamfanonin sadarwarmu su kunna shi, masu sayen data kuma su riƙa tambayarsu yaushe.