Fure a Baki, Lalle a Hannu: Tarihin Tsirran Biki a Kudancin Sakkwato

A shekarar 1993 Jack Goody, masanin al'adun ɗan Adam na Jami'ar Kambirij, ya wallafa littafi a kan matsayin furanni a rayuwar al'ummomin duniya. Ya buɗe shi da tambayar da ta tsaya masa a rai, shi da ya yi bincike a arewacin Gana: me ya sa galibin mutanen Afirka ta kudu da Sahara ba sa noman fure don ado, ba sa ba da shi kyauta, ba sa kai shi wurin biki, kamar yadda ake yi a Indiya da Sin da Turai? Baƙon da ya halarci biki a Tambuwal ko Kebbe shekara saba'in da suka wuce zai iya gaskata shi, domin ba zai ga amarya riƙe da damin furanni ba. Da zai dubi haƙoran matan da ke rangaɗa guɗa, ya kuma dubi tafin hannun amaryar, da ya ga amfanin wani lambu da aka noma musamman don ado. Ƙasar Hausa ta yi noman tsirran kwalliya da cinikinsu, sai dai jikin mutum ne wurin da ake ajiye su.

Kalmar kanta shaida ce. A tsohuwar Hausa, idan aka ce "fure", ko "hure" a bakin Basakkwace, ba tare da an ambaci wata bishiya ba, furen taba ake nufi, kuma manyan ƙamusun Hausa na ƙarnin da ya wuce sun adana wannan ma'ana. Taba tsiro ne na nahiyar Amurka, ta iso Afirka ta Yamma wajen ƙarshen ƙarni na 16 zuwa farkon na 17. Daga baya mata suka gano cewa idan aka goga furenta a haƙori, musamman a bakin da ya ci goro, yakan bar wani ja mai ƙyalli. Hugh Clapperton, Baturen da ya zo Kano da Sakkwato a 1824, ya rubuta cewa ya ga mutane na rina haƙora da leɓɓa da furen taba da na wata bishiya, suna kuma rina hannu da ƙafa da lalle.

Abin lura a wannan ciniki shi ne yadda ya dace da bukatar manomi. Mai noman taba ganye yake nema, kuma tsiron da aka bari ya yi fure ya zuba iri yakan janye ƙarfinsa daga ganyen. Don haka tilas ne a tsinke kan tsiron. A gonakin taba na wasu ƙasashe zubar da wannan fure ake yi, a nan kuwa sai ya zama haja ta biyu: a tsinko shi da sanyin safiya, 'yan talla su zaga da shi gida gida, matan kulle su saya. Da yake ba ya jure rana, lambun da ke bakin gari ne kaɗai ke iya cin wannan kasuwa.

Irin waɗannan lambuna suna da alaƙa da yadda garuruwan yankin suka kafu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ɗauki tsarin kafa ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, inda ake zaunar da mayaƙa da manoma da masu sana'a. Tambuwal na cikin garuruwan da suka yi wannan aiki, a hannun Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, tana fuskantar ƙasar Kabi da ta Zamfara. Garin da ke zaman tsaro yana bukatar abincinsa da kayan masarufinsa a kusa da ganuwa. Fadamun yankin, har zuwa ƙasar Kebbe da kwarin Gulbin Zamfara da ke gangarawa daga Gummi zuwa Jega, sun ba da damar noman rani da rijiya mai gajeren zurfi: albasa, barkono, rake, taba. A gefen irin waɗannan lambuna, da bayan ɗakuna a cikin gidaje, nan ne mazaunin lalle.

Idan fure na kwalliyar yau da kullum ne, lalle shi ne tsiron aure. A al'adar Hausawa, ranar da aka sa wa yarinya lalle ita ce ranar da ta shiga amarci, kuma kalmomin biki da dama a kansa suka ginu: kamu, sa lalle, wankan lalle, ƙunshi. A littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, an ga yadda wannan mataki yake tsakiyar bikin ƙasar Zazzau tun kafin zuwan Turawa, kuma haka abin yake a sauran ƙasar Hausa. Ana daka busasshen ganye, a tankaɗe, a kwaɓa, a lulluɓe ƙafa da shi a ɗaure da ganye da tsumma, hannu kuma a zura shi cikin zunguru, dogon ƙwaryar nan da aka yi domin wannan aiki. Sinadarin da ke cikin ganyen yana kama fata da farce, shi ya sa wanka ba ya fitar da shi, sai dai ya kwashe makonni yana dusashewa a hankali.

Ta fuskar noma, lalle ya dace da wannan ƙasa fiye da yawancin tsirran ado. Ɗan itace ne mai shekaru, ba a sake shuka shi kowace damina. Yana son zafi, yana jure ƙarancin ruwa, yana zama shinge ga lambu, kuma idan aka sare shi sai ya sake tofo. Mafi muhimmanci, amfaninsa busasshe ne: ganyen da aka shanya a inuwa zai yi watanni a buhu, ya hau jaki ko raƙumi zuwa kasuwa mai nisa bai lalace ba. Shi ma yana fure, ƙanana farare masu ƙamshi mai ƙarfi. Haka sauran kayan ƙamshin amarya suke. Kajiji da saiwar jema, waɗanda ke fitowa a fadama, busar da su ake yi kafin su shiga turaren wuta ko tukunyar ruwa. Tsohuwar sana'ar kayan biki ta ginu ne a kan ƙa'ida ɗaya: abin da ke saurin yaushi a sayar da shi a bakin gari a ranar, abin da ke bushewa ya riƙe kyansa shi ne ake yi wa fatauci.

Ƙarni na 20 ya warware wannan tsari sannu a hankali. Man goge baki da jan baki na kanti sun sauya ma'aunin kyau, farin haƙori ya zama abin so, jan haƙori ya koma alamar tsofaffi, cinikin fure ya mutu. Lalle bai mutu ba, amma ya sauya kama. Zanen fulawa mai siririn layi, wanda ya shigo ta hanyar Sudan da Makka da fina-finan Indiya, ya ture zunguru, ya kuma kawo garin lalle na fakiti. Garin Sojat na jihar Rajastan a Indiya ya shahara a duniya da noman lalle a busasshiyar ƙasa mai zafi irin tamu. Tare da sabon zanen kuma aka sami baƙin rini da ake haɗawa da sinadarin rina gashi, wanda likitocin fata suka daɗe suna gargaɗi a kansa saboda yakan ƙona fata ya bar tabo. A ɗakunan taron biki na yau kuwa, furannin da ke kewaye da kujerar ango da amarya yawanci na roba ne, 'yan waje, ana haya ana mayarwa.

Wannan tarihi yana da amfani ga matashin da ke tunanin kafa gonar furanni don kasuwar biki a wannan yanki. Hoton da yake gani a waya na gonakin wardi ne na gefen Tafkin Naibasha a Kenya, inda tsayin ƙasa ya kusa mita 1,900, iska na da sanyi, kuma jirgin sama na kwashe furen cikin sanyin firiji zuwa kasuwannin Holan. A Nijeriya, tsaunin Jos ne ya fi kusa da wannan yanayi. A ƙasar Sakkwato zafin bazara kan haura digiri 40, ruwan sama na 'yan watanni ne, wutar firiji kuma ba abin dogaro ba ce. Wardin da aka yanka a Tambuwal da safe a watan Afrilu zai sunkuyar da kai kafin azahar.

Abin da ƙasar ke iya bayarwa shi ne abin da ta saba bayarwa. Ko a yau, furen da arewacin Nijeriya ke fitarwa waje da yawa shi ne zoɓo, wanda ake busar da jan ƙoƙon furensa a ɗura a buhu har zuwa Meziko, wato dai tsohuwar ƙa'idar nan ta bushewa. Shingen lalle a gefen lambun albasa ba ya cin fili, ba ya neman taki mai tsada, kuma yana kusa da gari, abin da ya sake zama muhimmi a yankunan da rashin tsaro ya hana manoma zuwa gonaki masu nisa, kamar yadda ya faru a sassan Kebbe. Masu sayensa ma suna nan: kowace mai ƙunshi tana neman gari mai kama hannu wanda ba a gauraya shi da komai ba, kuma kowace uwar amarya za ta fi son ta san lambun da lallen 'yarta ya fito. Aikin da ya rage shi ne na shanya mai tsabta, niƙa mai laushi, da ƙullawa da sunan mai lambu a jiki, kafin lokacin bukukuwan bayan girbi ya kama.