Gadon Gandu a Harshen JavaScript

A Rogo Ruma, inda na tashi, ɗan da ke gandu bai mallaki kowane kayan aiki ba. In ba shi da garma, sai ya ɗauko ta mahaifinsa. In mahaifin ma ba shi da ita, a nemo a ɗakin kaka. Ban san wannan tsari zai buɗe mini tarihin wani harshen kwamfuta ba, sai da na zauna koyon JavaScript, harshen da ke motsa shafukan intanet.

A watan Mayun 1995 Brendan Eich ya tsara harshen cikin kwana 10 a kamfanin Netscape na Amurka. Shugabanninsa sun so ya yi kama da Java, wanda tauraronsa ke haskawa a lokacin. A Java, gado kamar kwamin bulo yake: a zana aji tukuna, sannan a riƙa buga abubuwa daga cikinsa, aji kuma ya gaji aji. Shi kuwa Eich ya aro dabarar harshen Self na David Ungar da Randall Smith, inda babu aji ko ɗaya. Kowane abu yana riƙe da igiya zuwa ga wani abu da ke matsayin ubansa. Abin da ya rasa, sai a bi igiyar a tambayo. Gandu ke nan. Amma ya ɗora kalmar "new" a kai, sai harshen ya fito da rigar Java da jinin Self.

Wannan saɓani ya ci shekara 20. Waɗanda suka saba da aji suka shiga ƙera nasu da hannu: Sam Stephenson a taskar Prototype a 2005, John Resig a 2008. Douglas Crockford kuwa tun 2006 yake kira a rungumi igiyar yadda take. Bugu na 4 na ƙa'idar harshen, wanda ya so kawo aji, ya mutu a 2008 saboda rashin jituwa. Bugu na 5 ya zo a 2009 da "Object.create", sai a Yunin 2015 bugu na 6 ya kawo "class" da "extends".

Sai dai canza riga ba ya canza jini. Ni da na fara da "class" na ɗanɗana kuɗata ranar da nake gyara wata tsohuwar manhajar rajistar ɗalibai. An ajiye jerin sunaye a jikin uba, sai duk 'ya'yan suka riƙa zuba hatsinsu a rumbu ɗaya, ɗaliban wannan ɗaki suna bayyana a wancan. Kwana 2 ina lalube kafin na tuna da gida.

Matasanmu da yawa a Kano suna koyon rigar, ba su taɓa ganin igiyar ba. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma ya kamata ya san wane irin gado ne: wanda aka raba aka ba shi nasa, ko wanda har yanzu yake hannun uba.