Ɓaraka da Annoba a Ƙasar Kabi: Babukan da Tarihi Ya Tsallake, 1805–1934

Tsakure

Maƙalar ta duba abubuwa biyu da ba a cika tsayawa a kansu ba a tarihin Birnin Kebbi da Argungu: asalin saɓanin Kabawa da daular Usmaniyya, da annobar da ta ci dabbobi da mutane daga 1891 zuwa 1921. Hujjarta ita ce, an gina tarihin kwarin Rima a kan yaƙe-yaƙen sarakuna, har abin da ya fi taɓa talaka ya faɗi ƙasa.

Saɓanin da aka yi wa rigar addini

A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo da Aliyu Jeɗo ta ci Birnin Kebbi. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice, aka naɗa Usman Masa, ɗan gidan sarautar da ya bi jama'ar Shehu Usmanu, shi ma bai daɗe ba ya juya baya a lokacin yaƙin Alwasa. Daga nan aka saba ba da labarin a matsayin karon Musulunci da kafirci. Wannan taƙaitawa ba ta yi wa kowa adalci ba. Musulunci ya daɗe a fadar Kabi kafin jihadi, kuma su kansu jagororin jama'a sun yi saɓani kan hukuncin Musulmin da ya taimaki abokan gaba: Abdullahi, wanda Gwandu ke hannunsa, ya fi Shehu da Muhammadu Bello taka-tsantsan wajen kafirta irin wannan mutum. Idan malamin da ya ci birnin da kansa bai ɗauki mas'alar da sauƙi ba, bai kamata mai bincike na yau ya yanke ta da jimla ɗaya ba.

Abin da ya biyo baya ya fi kama da rigimar gadon mulki da ƙasar fadama. An kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, aka tsare ɗansa Yakubu Nabame a Sakkwato shekara da shekaru. Da ya sami sake a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, sai ya ɗaga tutar tawaye a 1849, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka mara masa baya, Argungu ta zama cibiya. A 1860 Sarkin Gwandu Haliru ya faɗi a Tilli.

Babin da ya fi cancantar nazari shi ne Lafiyar Toga, sulhun da Sarkin Kabi Abdullahi Toga ya ƙulla da Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Rufa'i, sulhun kuwa ya ɗore har 1875. An amince Argungu ta ci gashin kanta, kowa ya riƙe garuruwan da ke hannunsa, bayin da aka kama kuma su zauna wajen wanda ya kama su. Sharaɗin ƙarshen nan ya nuna ko su wa aka sayar don a sami zaman lafiya. Amma duk da haka, shekara kusan saba'in kafin Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a 1934, ziyarar da ake danganta bikin kamun kifi na Matan Fada da ita, ɓangarorin biyu sun taɓa zama sun yi yarjejeniya ba tare da Bature a tsakani ba. M. B. Alkali da S. A. Balogun sun yi aiki mai nauyi kan wannan zamani a kundayen digirinsu, sai dai aikin bai isa ajin makaranta ba.

Annoba

Shekarar 1892 sananniya ce, domin a cikinta Sarkin Kabi Sama'ila ya kore rundunar Sarkin Musulmi Abdurrahman daga Argungu. Amma a daidai wannan lokaci bushiya na share garkunan shanu daga Tafkin Chadi har Liptako, kamar yadda Bafaranshe Monteil, wanda ya ratsa ta Argungu zuwa Sakkwato a 1891, ya shaida. Ga makiyayin da ke sauka fadamar Rima da rani, rasa garke rasa komai ne: nono, sadaki, jangali da mutunci.

A 1918 marisuwa ta shigo ta Legas, ta bi layin dogo da hanyoyin fatake zuwa Arewa. An ƙiyasta ta kashe kusan mutum 500,000 a Nijeriya. Ba a gama makoki ba sai ga sanƙarau a 1921, wanda aka ƙiyasta ya hallaka sama da mutum 45,000 a Lardin Sakkwato, lardin da Gwandu da Argungu ke cikinsa. Ciwon kan zo ne da ƙurar hunturu, ya tsananta cikin zafin bazara: yaro ya kwana da zazzaɓi da ciwon kai, ya wayi gari wuya ya sage, wanda ya tsira kuma sau da yawa da kurumta. Da saukar ruwan fari sai ya lafa. Ya dawo da ƙarfi a 1996, ya sake ɓulla a yankin Aliero da Jega a 2015.

Dalilin shirun da tarihi ya yi kan waɗannan annoba a fili yake. Marubutan fada da mawaƙanta sarki suke bi, jami'in mulkin mallaka kuma haraji yake ƙirgawa. Sai dai a nan ɗin ne mafita take: rahotannin kimanta haraji da rajistar jangali na Lardin Sakkwato da ke Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, idan aka gwama su da shekarun da tsofaffin Augie da Gulma da Ambursa ke ƙirga haihuwa da mutuwa da su, za su nuna garin da ya ragu da shekarar da ya ragu.