BABI NA BIYU: TARIHIN KIWON AKU A AREWACIN BIRNIN KADUNA

2.0 Gabatarwa

Wannan babi zai bi diddigin yadda aku ya shigo gidajen unguwannin da ke arewa da Kogin Kaduna, wato irin su Doka da Unguwar Rimi da Malali da Unguwar Sarki da Kawo. Hujjar da babin ya tsaya a kai ita ce, akasarin cututtuka da halayen da ake gani ga akun gida a wannan yanki sun samo asali ne daga hanyar da aka bi aka kawo shi. Idan an ce aku a nan, ana nufin babban tsuntsun nan mai ruwan toka da jar wutsiya. Tsirya kuwa, wato koriyar nan mai doguwar wutsiya, 'yar ƙasa ce, don haka ba ta cikin wannan bayani.

2.1 Asalin Aku da Zuwansa Ƙasar Hausa

Aku tsuntsun kurmi ne. Mazauninsa ya faro daga gabashin Kwaddibuwa da Gana, ya bi ta kudancin Nijeriya da Kamaru har zuwa Kwango da Yuganda. A Nijeriya an fi samunsa a dazuzzukan Kuros Riba da yankin Neja Delta. Ba ya sheƙa a dajin ƙasar Hausa ko kaɗan. Ke nan duk akun da aka taɓa gani a Kano ko Zazzau a zamanin da, ɗan Adam ne ya ɗauko shi. Abin lura a nan shi ne, Asantawa suna kiran wannan tsuntsu ako, kuma ƙasarsu ce tushen goron da fataken Hausawa suka daɗe suna saro wa a kasuwannin Gwanja, musamman Salaga. Kamancin sunayen biyu yana ƙarfafa zaton cewa da tsuntsun da sunansa duk hanyar fatauci suka biyo.

Adabi ma ya tabbatar da baƙuncin aku. A cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka buga a Zariya tsakanin 1937 zuwa 1939, akun da ya zama waziri saye aka yi daga hannun wani Balarabe. Tun da aka sa littafin a makarantu, ɗalibai da yawa sun san aku a takarda kafin su gan shi da ido, kuma hoton da ya zauna a zukatansu shi ne na tsuntsun fada mai hikima da iya zance. Wannan ya ƙara masa daraja ƙwarai a idon 'yan boko na farko.

2.2 Jirgin Ƙasa da Kafuwar Kaduna

Kaduna ba tsohon birni ba ne. A 1917 ne Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan, kuma jirgin ƙasa na daga cikin manyan dalilan zaɓen wurin. Layin dogo daga Ikko zuwa Kano ya fara aiki a 1912. Layin gabas kuwa, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi da Kafancan, ya haɗe da Kaduna a cikin shekarun 1920, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a 1932. Wannan layi na biyu shi ya fi muhimmanci ga wannan nazari, domin shi ne ya haɗa Kaduna kai tsaye da ƙasar da aku yake rayuwa. Tafiyar da ayari kan yi watanni yana yi ta koma ta 'yan kwanaki, tsuntsun da a da zai mutu a hanya ya samu damar isowa da ransa.

Gidajen gwamnati da ofisoshi galibi a arewacin kogin aka gina su, saboda haka a nan ne masu halin sayen tsuntsun ado suka taru. Turawan mulki sun daɗe da sha'awar aku, tun zamanin da matuƙan jiragen ruwa ke kai shi Ingila daga gaɓar Afirka ta Yamma. Da Kaduna ta zama mazaunin gwamnatin Jihar Arewa har zuwa 1967, ministoci da manyan ma'aikata suka gaji gidajen Turawa, suka kuma gaji wasu daga cikin al'adunsu, har da rataye keji a baranda. Ta fuskar addini ba a sami wani cikas ba, domin malamai kan kafa hujja da labarin Abu Umair, ƙanen Anas bin Malik, wanda ya riƙe ɗan tsuntsu a Madina ba a hana shi ba. Sharaɗin dai shi ne a ci da shi, a shayar da shi.

2.3 Ci da Sha da Lafiyarsa

A nan ne matsalar take. A kurmi aku yana cin 'ya'yan itatuwa iri iri, musamman jar ɓawon kwakwar manja, wadda take cike da mai da bitamin A. Da ya iso Kaduna sai aka ba shi abin da ke rumbu: gyaɗa da dawa da gero da masara. Aku yana son gyaɗa ƙwarai, har yakan ƙi komai saboda ita, mai gida kuwa ya ɗauka ya gano abincinsa. Amma tsabar hatsi da gyaɗa ba su da isasshen bitamin A da sinadarin kalsiyam. Rashin na farko kan jawo toshewar hanci da ciwon maƙogwaro da dusashewar gashi. Rashin na biyu kan sa tsuntsun ya riƙa faɗowa daga kan sandarsa yana karkarwa kamar mai farfaɗiya, kuma likitocin dabbobi sun san aku da wannan lalura fiye da sauran danginsa. Ajiye keji a cikin ɗaki kullum yana ƙara tsananta ta, domin sai da hasken rana jiki ke iya amfani da kalsiyam. Daɗin daɗawa, gyaɗar da ta sha damina ta yi fumfuna tana lalata hanta da huhu. Maganin waɗannan duka yana cikin kasuwar Kawo da babbar kasuwa: gwanda, mangwaro, karas, ganyen zogale, dafaffen wake, da kwakwar manja idan an samu. Fiya kuwa guba ce gare shi, goro da shayi ma ba su dace da shi ba.

Yanayin garin shi ma bai bar shi ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu kan busar da iska ya cika ta da ƙura, alhali tsuntsun ya fito daga inda ake ruwa kusan duk shekara. Akun da ba a yayyafa masa ruwa, ba a kuma rufe kejinsa da dare, yakan kamu da ciwon numfashi. Hayaƙin maganin sauro da na janareta sun zo daga baya sun ƙara nasu.

Game da halayensa, abin da mutane suka fi so shi ne kwaikwayo. Yakan amsa sallama, ya kira yara da muryar uwarsu, har matan gida kan yi masa kallon ɗan tsegumi. Binciken da Irene Pepperberg ta yi a Amurka daga 1977 zuwa 2007 da wani aku mai suna Alex ya nuna cewa abin ya wuce maimaici, domin tsuntsun ya iya bambance launi da siffa da ƙidaya har shida. Sai dai wannan kaifin basira shi ne kuma azabarsa. A daji aku cikin garke yake kwana, yana da abokiyar zama guda. Idan aka kulle shi shi kaɗai a kejin da bai isa ya buɗe fiffike ba, sai ya shiga ihu da cizo, ko ya dinga figar gashin ƙirjinsa har ya zama tsirara. Masu gida da yawa kan nemi maganin ƙwarƙwata, alhali kaɗaici ne. Tsuntsu ne da kan kai shekara 40 zuwa 60 idan ya sami kulawa, wato yana iya binne wanda ya saye shi ya shiga cikin kayan gado.

2.4 Daga Kayan Ado Zuwa Haramtaccen Kaya

Ba a kafa sana'ar hayayyafar aku a Kaduna ba. Wanda ake sayarwa kamo shi ake yi, ko dai da danƙo a inda garken ke kwana, ko a kwashe 'ya'yan daga kogon itace, kuma da yawa sukan mutu kafin su iso hannun mai saye. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar CITES ta kare namun daji tun fara aikinta a 1975, sannan gwamnatin soja ta kafa Doka mai lamba 11 ta 1985 don taƙaita wannan ciniki, amma aiwatarwa ta yi rauni. A watan Fabrairu 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 karo na farko a Afirka, a wata gonar kaji da ke Jaji, arewa da Kaduna, abin da ya jefa tsoro a kan duk wata harkar tsuntsaye masu rai. Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga tsuntsayen daji gaba ɗaya a 2007.

A lokacin ɓarnar ta riga ta yi nisa. Fiye da aku miliyan 1 aka fitar daga Afirka bisa izini tun daga 1975, kuma wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna cewa Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta tun 1992. A taron CITES na Johannasbag a 2016 aka haramta cinikin akun daji tsakanin ƙasashe, hukuncin da ya fara aiki a watan Janairu 2017. Tun daga nan akun da ya tsufa a gidajen Unguwar Rimi ko Malali ya zama abin da ba a iya maye gurbinsa da na daji ba tare da an taka doka ba.